Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Fashin Baƙi Kan Matasa da Kafofin Sada Zumunta

Duk lokacin da aka tayar da zancen matasa da kafofin sada zumunta, a majalisar ƙofar gida ne ko a gidan rediyo ko a kan mumbari, akwai amsa guda da aka saba rufe maganar da ita, wato cewa waya tamkar wuƙa ce, wanda ya yanka nama da ita ya amfana, wanda ya yanke yatsansa kuma shi ya so. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa ta bayyana abin da muke gani a gidajenmu ba. Wuƙa ba ta kiran mai ita da tsakar dare, ba ta nazarin halinsa domin ta gano abin da ya fi ɗaukar masa hankali, kuma maƙerin da ya ƙera ta ba ya samun ƙarin ko sisi idan aka wuni ana riƙe da ita. Facebook da TikTok da Instagram kuwa suna yin duka ukun. Saboda haka wanda yake son ya auna amfanin waɗannan kafofi da illarsu ga matasa, sai ya fara daga yadda aka gina su da kuma hanyar da masu su ke cin abinci, domin alherin da sharrin daga tukunya ɗaya ake kwaso su.

Kafofin ba su daɗe a duniya ba. An kafa Facebook a 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, TikTok kuma ya fita daga China zuwa sauran ƙasashe a 2017. Wayar salula kanta sai a 2001 ta shigo hannun jama'a a Najeriya, kuma a lokacin layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Ke nan yaron da aka haifa a shekarar da wayar ta zo, yanzu ya haura shekara 20, bai taɓa sanin duniyar da babu ita ba, alhali mahaifinsa ya koye ta ne da girma, sau da yawa ma a hannun ɗan nasa. Wannan juyin yana da muhimmanci ƙwarai a al'ummar da ta ginu a kan cewa babba ne yake riga yaro sanin hanya. A gona da kasuwa da makaranta, uba yana iya cewa ɗansa ga rami nan, don shi ma ya taɓa bi ta wurin. A cikin waya kuwa yaron ne a gaba, babban yana bin baya, kuma da yawa daga cikin iyaye ba su san ko sunan wuraren da 'ya'yansu ke kwana a ciki ba.

Babu wanda yake biyan kuɗi kafin ya buɗe shafi, amma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kusan dala biliyan 135 a shekarar 2023, kuma kusan dukkan wannan kuɗi daga tallace-tallace ya fito. Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da kamfanin yake sayarwa shi ne idon mai kallo da lokacinsa da bayanan da ya tara game da shi: shekarunsa, garinsu, abin da yake so, abin da ya tsaya ya kalla sau biyu, da abin da ya wuce da sauri. Gwargwadon daɗewar mutum a ciki, gwargwadon yawan tallan da za a nuna masa. Don haka aka gina wani tsarin lissafi a cikin manhajar, wanda aikinsa kawai shi ne ya zaɓo wa kowa abin da zai hana shi ajiye waya. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya amsa a bainar jama'a a 2017 cewa sun tsara shafin ne da niyyar cin gajiyar wani rauni da ke cikin ɗabi'ar ɗan Adam, wato son a yaba masa, ta yadda kowane laik da kowane tsokaci zai zama ɗan zaƙi mai sa a dawo. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro salon nan na jan shafi sama ba tare da ya ƙare ba, shi ma daga baya ya fito ya nuna nadamarsa. Littafi yana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da lokacin rufewa, amma an cire wa waɗannan kafofi duk wata gaɓa da za ta ce wa mutum ya isa haka.

Abin da ke biyo baya shi ne cewa ma'aunin da tsarin ke amfani da shi bai san gaskiya da ƙarya ba, bai san ladabi da rashinsa ba, abin da ya sani shi ne me ya riƙe mutane. Fushi yana riƙe mutum, tsoro yana riƙe shi, sha'awa da gulma ma haka. Malamin da ya zauna ya yi bayanin lissafi na minti goma da wanda ya fito yana zagin wani a cikin daƙiƙa 30 a sikeli ɗaya ake ɗora su, kuma sau da yawa na biyun ne yake rinjaye. Matashin da ya ga haka yana koyon darasi ba tare da kowa ya koya masa ba, wato cewa hanyar yin tashe mafi sauri ita ce yin abin da zai sa a yi magana, ko da maganar tsinuwa ce.

Duk da haka, rashin adalci ne a fara da illa a manta da alherin, domin alherin yana da yawa, kuma a ƙasar Hausa ya taɓa wuraren da gwamnati da makaranta suka daɗe ba su kai ba. Wanda ya fi bayyana shi ne kasuwanci, musamman na mata. Tun asali matar Bahaushe 'yar kasuwa ce daga cikin gida, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da ɗinkin hula, amma kasuwarta ba ta wuce inda ƙafar 'yarta mai talla za ta kai ba, kuma tallan nan shi ne ya hana ɗimbin 'yan mata zaman aji, ya kuma jefa wasu cikin haɗari. Yau budurwa ko matar aure tana zaune a ɗakinta a Kano ko Zariya ko Damagaram, ta ɗora hoton turaren wuta da humra da atamfa da yaji a WhatsApp ko Instagram, mai saye ya turo kuɗi ta banki, a kai kayan tasha a ba direba, washegari su isa Abuja ko Legas. Ba ta biya kuɗin shago ba, ba ta fita ba, ba ta kuma ɗora wa yarinya faranti ba. A ganina wannan na daga cikin manyan sauye-sauyen da aka samu a tattalin arziƙin mata a wannan ƙarni, ko da yake ba kasafai ake lissafa shi ba, saboda mafi yawansa ba ya shiga kundin kowace hukuma. Haka yaron shago a Kantin Kwari yake ɗaga waya ya nuna wa abokin ciniki a Maraɗi ko Injamena ko Kumasi sababbin kaya kai tsaye, a gama ciniki ba tare da an yi tafiyar kwana biyu ba.

Akwai kuma ilimi. Matasa da yawa sun koyi gyaran waya da haɗa sola da zanen kwamfuta da sababbin salon ɗinki daga YouTube, abubuwan da a da sai an yi shekaru ana yi wa maigida bara kafin a samu. Sanarwar guraben karatu da tallafin karatu a ƙasashen waje, wadda a da take tsayawa a hannun 'ya'yan masu ido da kwalli, yanzu tana yawo a zaurukan ɗalibai, ɗan talaka ma ya gani ya nema. A watan azumi tafsirin malamai daga Kano da Kaduna da Bauchi da Yamai yana isa ga Bahaushen da ke Jidda ko Landan a daidai lokacin da ake yin sa. Harshen Hausa ma ya ci riba irin wadda masu kula da shi ba su yi tsammani ba, domin ba a taɓa yin zamanin da ake rubuta Hausa da yawa kamar yanzu ba. Marubuta, yawancinsu mata matasa, suna rubuta labarai babi-babi suna sayarwa ta zaurukan WhatsApp ba tare da sun je maɗaba'a ba, masu shirya finafinai kuma da kasuwar faifai ta mutu musu sun koma YouTube sun farfaɗo. Sai dai ƙa'idar rubutu tana shan wahala a wannan yalwa, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da baƙaƙe masu ƙugiya, har wasu matasan sun ɗauka haka ake rubuta harshen.

Kafofin sun kuma ba matasa murya. Da aka sace ɗalibai 276 a Chibok a Afrilun 2014, gangamin da aka yi a Twitter ne ya sa duniya ta waiwayo. Fafutikar rage shekarun tsayawa takara, wadda ta kai ga sa hannu a kan gyaran tsarin mulki a ranar 31 ga Mayu, 2018, aka rage na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na ɗan majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, matasa ne suka tura ta, kuma waɗannan kafofi na cikin manyan makamansu. A 2019 'yan matan Arewa suka fara bayyana cin zarafin da aka daɗe ana rufewa da sunan kunya, a Oktoban 2020 kuma zanga-zangar neman rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ta girgiza ƙasar. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, bidiyon da ɗaliban Najeriya suka riƙa turowa daga Khartoum da kuma bakin iyakar Masar ya taimaka wajen matsa wa hukumomi su gaggauta kwaso su. Ƙasa da wannan mataki, kullum ana tara wa marar lafiya kuɗin aiki, ana samun mai ba da jini, ana gano yaron da ya ɓata. Waɗanda suka rayu a Zamfara a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa saboda yaƙi da 'yan bindiga, sun san yadda ciniki da zumunci ke tsayawa cik idan aka rasa wannan hanya, haka ma 'yan kasuwar da suka dogara da Twitter sun ji a jikinsu tsakanin Yunin 2021 da Janairun 2022 da gwamnati ta dakatar da shi.

Idan aka juya ga illa, mafi sauƙin gani ita ce lokaci da barci. Malaman makaranta suna ganin ɗalibin da ya kwana yana jan waya yana gyangyaɗi a aji, kuma wanda ya saba da bidiyon daƙiƙa 20 yana shan wahala idan aka ce ya zauna da littafi na awa guda. Wannan sananne ne, ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da ya fi buƙatar tsayawa shi ne abin da kafofin ke yi wa zuciya. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, waɗanda suka nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano kashi 32 cikin 100 na 'yan mata matasa da ke jin ba su gamsu da surar jikinsu ba sun ce Instagram yana ƙara musu wannan damuwa. A Mayun 2023 babban jami'in lafiyar al'umma na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a hukumance, inda ya kawo binciken da ya nuna matasan da ke wuce awa 3 a rana a waɗannan kafofi haɗarin kamuwa da alamomin damuwa da ƙuncin rai yana ninkuwa a kansu. Masana suna da saɓani a kan wanne ne ya haifi wanne, ko kafofin ne ke jawo damuwar, ko kuwa mai damuwa ne ke gudu ya fake a cikinsu, kuma mai yiwuwa duka biyun suna faruwa, ɗaya yana ciyar da ɗaya. Amma hanyar da abin ke bi ba ɓoyayya ba ce. A da yarinya tana gwada kanta da 'yan matan unguwarsu, waɗanda ta san gidajensu, ta san ranar da suka ci da ranar da ba su ci ba. Yanzu tana gwada fuskarta ta safiya da fuskar da aka tace da filta, tana gwada ɗakin uwarta da gidan da aka ara don ɗaukar hoto. Bikin da masu kuɗi suka yi a Abuja, da akwatunan lefe da kayan ɗaki da shagulgula na kwana bakwai, yana shiga wayar kowace budurwa da kowane saurayi a ƙauye da birni, sai ya koma ma'auni, aure ya ƙara tsada, iyaye su ci bashi, saurayi ya ga kamar shi kaɗai aka bari a baya. Masu tallan man bilicin da magungunan ƙara ƙiba da kayan mata marasa rajista a nan suke samun kasuwa, domin an riga an shuka wa yarinya rashin gamsuwa da halittarta kafin a kawo mata maganin.

Sai labaran ƙarya, waɗanda a wajenmu sun riga sun ci rayuka. A Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka riƙa tashin 'yan'uwansu daga barci don su yi, aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu a asibiti. A Yunin 2018, a lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook aka ce daga yankin Gashish aka ɗauko su, alhali binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin mafi tayar da hankali an ɗauke shi ne shekaru da suka wuce a Kongo Barazabil, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun rura wutar ramuwar da ta sa aka tare matafiya a hanya aka kashe su. A ƙarshen 2018 har sai da Shugaba Buhari ya fito a Poland ya musanta ji-ta-ji-tar cewa ya mutu an sauya shi da wani mutumin Sudan. Abin lura a nan shi ne cewa yawancin masu tura irin waɗannan saƙonni ba mugaye ba ne, suna turawa ne da niyyar ceton wani ko kishin addini ko na ƙabila, kuma saƙon yana zuwa ne daga yaya ko ƙawa ko malami, mutumin da ba a saba tuhumarsa ba. Saƙon murya ya ƙara faɗaɗa abin, domin ya kai ga wanda bai iya karatu ba, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar malami ko shugaba ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

A nan ne mai magana da Hausa yake da ƙarin rauni a kan takwaransa na Turai. Binciken BBC ɗin nan ya nuna cewa a 2018 mutum huɗu kacal ne ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci ga Facebook a Najeriya, ƙasar da mutum miliyan 24 ke amfani da shafin a lokacin, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Takardun Haugen sun nuna kashi 87 cikin 100 na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya a kan Amurka ya tafi, sauran duniya ta raba ragowar. Kalmar tunzuri da za a goge cikin gaggawa idan da Turanci aka rubuta ta, tana iya kwanaki tana yawo idan da Hausa ce, balle idan an sakaya ta cikin habaici ko zaurance. Ƙungiyoyi irin su CITAD a Kano da Dubawa suna ƙoƙarin bibiyar kalaman ƙiyayya da tantance labarai, amma aikin ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Abin takaici shi ne muna da ƙa'idar da ta riga duk waɗannan, domin aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, kuma hadisi ya tabbata cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ana karantar da wannan a Islamiyya, amma ba a cika haɗa shi da maɓallin turawa ba.

Muhawarar addini da ta siyasa ma ta sauya kama. Saɓanin da malamai ke yi a tsakaninsu da hujja da littafi, yanzu ana yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu a jefa shi ga yaran da ba su gama Ahalari ba, su yi ta zagin dattawan da suka haifi iyayensu. 'Yan siyasa kuma sun gano cewa da kuɗin data kaɗan za a iya ɗaukar matashi ya zama sojan baka, ya wuni yana kare uban gida yana cin mutuncin abokin hamayya, ya ɓata da abokansa na ƙuruciya saboda mutumin da ba zai gane shi ba idan sun haɗu bayan zaɓe.

Damfara ta sami gida a nan saboda ta haɗu da talauci da son samun dare ɗaya. MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025, kuma duka biyun, waɗanda tsare-tsare ne na zuba kuɗi da alƙawarin riba mai yawa cikin sauri, ta bakin abokai da zauruka suka yaɗu. A 2024 an ga yadda matasan Arewa, maza da mata, suka shafe watanni suna dangwalar waya a Telegram da sunan mainin, wato tara kuɗin intanet ta hanyar wasa, wasu har suna sayen waya ta biyu, da aka zo rabon ladan ɗaya daga cikin wasannin, Hamster Kombat, a watan Satumba da yawansu abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin da suka kashe ba. Mafi muni shi ne damfarar tsiraici, inda ake yaudarar yaro ko yarinya su turo hoto sannan a riƙa yi musu barazana. A 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan an yi masa haka, aka kama wasu 'yan'uwa biyu daga Legas aka miƙa su Amurka, aka yanke wa kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. A Yulin 2024 Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya masu alaƙa da wannan laifi. Matasanmu suna cikin masu yi, suna kuma cikin waɗanda ake yi wa, kuma a al'ummar da mutuncin yarinya shi ne jarinta, wadda abin ya faɗa wa takan zaɓi ta yi shiru ta ci gaba da biya maimakon ta gaya wa mahaifiyarta. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, domin abin da 'yar shekara 15 ta ɗora yau yana iya fitowa ranar da aka kawo kuɗin aurenta, kuma hukuncin da jama'a ke yi wa mace a kan irin wannan ya ninka wanda suke yi wa namiji.

Idan aka haɗa ɓangarorin biyu, akwai wani bambanci da ke fitowa fili tsakanin masu cin riba da masu asara. Wanda ya shiga da abin yi a hannu, tela ne ko ɗalibi ko mai sayar da turare, kafar tana zame masa tsani, don ya san abin da ya je nema kuma yana da dalilin fita. Wanda ya shiga hannu rabbana, ba makaranta ba sana'a, shi ne tsarin ya fi samun dama a kansa, domin yana da dukkan yini, kuma zuciyarsa tana cike da takaicin da ake iya juyawa ya koma fushi ko kwaɗayi. Shi ya sa nake ganin yawancin abin da muke kira matsalar soshiyal midiya a Arewa matsalar zaman banza ce da ta sami madubi. Kuma shi wannan marar aikin yana biyan kuɗi don a sayar da hankalinsa, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na farashin kira da data a Janairun 2025.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A China an taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 a rana a Douyin, wato TikTok ɗin cikin gida, tun 2021. Ostareliya ta yi doka a Nuwamban 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 buɗe shafi, ta fara aiki a ranar 10 ga Disamba, 2025, kuma abin lura shi ne tarar da ta kai dalar Ostareliya miliyan 49.5 a kan kamfani take, ba a hukunta yaro ko iyayensa. A wajenmu akasarin ƙarfin a kan mai amfani ake sauke shi. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 da tara da sharar kotu saboda bidiyon barkwanci a kan gwamnan lokacin, Hisbah tana kama masu baɗala a TikTok lokaci zuwa lokaci, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuma an sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu suka kafin a yi masa gyara a 2024. Ba na musun cewa al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyarta, amma kama mutum goma ba ya taɓa injin da ke ba da lada ga rashin kunya, wanda zai haifar da wasu ɗari kafin a gama shari'ar na farko, kuma dokar da aka yi da sunan tarbiyya tana saurin zama sandar da mai mulki ke dukan mai faɗa masa gaskiya. Tarar dala miliyan 220 da hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ɗora wa Meta a Yulin 2024, saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, ta nuna cewa ana iya fuskantar kamfanonin su kansu, kuma irin wannan matsin ne ya kamata a yi amfani da shi a tilasta musu ɗaukar isassun masu tantancewa da suka ji Hausa da Fulatanci da Kanuri.

Kwafo dokar Ostareliya kai tsaye zai yi wuya a nan. Kamfanonin sun daɗe da cewa sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi, amma ƙara shekaru a wajen rajista ba ya ɗaukar minti ɗaya, yara da yawa ba su da takardar haihuwa, layin da ke cikin wayarsu da lambar NIN ta babba aka yi masa rajista, kuma a gidaje da dama wayar uwa ita ce wayar kowa. Wannan yana mayar da nauyin farko ga wanda ya sayi wayar ya miƙa. Uban da ba zai bar 'yarsa mai shekara 12 ta tafi kasuwar Sabon Gari ita kaɗai da dare ba, shi ne yake saya mata babbar waya a matsayin kyautar saukar Alƙur'ani, ta shiga da ita ɗaki ta rufe ƙofa. Jinkirta babbar waya har yaro ya yi hankali, hana ta kwana a ɗakin barci, da kashe ƙararrawar sanarwar da ke kiran mutum kowane minti, abubuwa ne da ba sa buƙatar majalisa ta zauna. Wanda ya fi su wahala shi ne uwa ta gaya wa 'yarta tun kafin komai ya faru cewa idan wani ya yi mata barazana da hoto ta zo ta faɗa, ba za a kore ta ba, domin mai damfarar ba shi da wani makami sai tsoron da yarinyar ke yi wa gidansu.